Matar Aku da Zango na Ƙarshe

Duk ranar Asabar Auta kan je gaida Umma, kuma duk ranar Asabar da ciwon kai take komawa gida. Ba aiki ake sa ta ba. Zama kawai take yi a falo, a kan kujerar nan mai karyayyen hannu, ana yanka mijinta ana gasawa a gabanta, ita kuwa tana ta murmushin yaƙe.

Yau ma haka abin yake. Umma na kishingiɗe a doguwar kujera tana latsa waya, yayan Auta kuma ya baje a kan kafet yana kaɗa makullan shagonsa. Manaja ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Shagon nasa tebur ɗaya ne da tsohuwar kwamfuta da talabijin a bango, inda yake tura wa mutane fina-finai a waya, amma in ka ji yana cewa "kamfanina" sai ka rantse jiragen ruwa ne ke sauke masa kaya.

"Ina Aku?" ya tambaya ba tare da ya ɗago kai ba. "Yana can yana maimaita abin da wasu suka faɗa?"

"Yaya, don Allah ka daina kiransa haka."

"To me zan kira shi? Mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya maƙala abu a kunne, wani ƙato a ƙasar da bai taɓa zuwa ba ya buɗe baki, shi kuma ya yi masa magana. In ba aku ba, mene ne?"

Umma ta yi dariya har wayar ta suɓuce mata. "Ni abin da ke ƙona mini rai, ko fuskarsa ba a nunawa. Jiya maƙwabciyata ta tambaye ni aikin surukina, na rasa ta cewa. Ƙarshe ce mata na yi yana harkar sadarwa."

Mijin Auta mai ɗora murya ne a sutudiyon fassara fina-finai. Shekara shida ke nan shi ne muryar Sha-Rauni, jarumin wani dogon shiri mai suna Raunin Birni, wanda in ya taɓa mai ciwo sai ciwon ya dawo jikinsa. Jarumin yana son wata direbar motar asibiti, amma ya kasa faɗa mata ko shi wane ne, ita kuma kullum tana mamakin yadda marasa lafiyarta ke warkewa kafin a isa asibiti. Zango biyar aka yi ana jan mutane a kan haka. Yanzu saura zango na ƙarshe, kuma gari ya rabu biyu, wasu sun ce mutuwa zai yi, wasu sun ce aure za a sha. Abokan aikinsa Mai Murya suke kiransa. A gidan surukansa kaɗai ne ya zama Aku.

Abin takaicin shi ne babu wanda ya kai mutanen gidan nan kallon shirin. Umma in aka fara, ko sallama aka yi ba ta amsawa, ta sha yin kuka sharɓe-sharɓe saboda muryar surukin da take jin kunyar faɗin aikinsa. Shagon Manaja kuwa, rabin cinikinsa Raunin Birni ne. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Ai ya kusa hutawa," in ji Manaja yana miƙa. "Sizin ɗin nan ne na ƙarshe. Daga nan sai ki nema masa aikin sanarwa a tasha. Mutumin da ko a wurin aikin nasa ba a san da shi ba, sai an gama taunawa a ba shi ya haɗiye."

"Wa ya ce maka ba a san da shi ba?"

"To me aka taɓa ba shi? Ko makullin banɗaki?"

A nan ne zuciya ta ɗebi Auta. Shekara biyu tana haɗiye irin wannan, yau dai maƙogwaro ya ƙi.

"Wanda kuke rainawar, zango na ƙarshe yana gidanmu yanzu haka. A filas ɗin kwamfuta yake, cikin durowar teburinsa. Duk sutudiyon shi kaɗai aka yarda ya tafi da shi gida ya yi atisaye. Sai ka faɗa mini wanda aka taɓa amince maka haka."

Falon ya yi tsit. Makullan Manaja suka daina ƙara. Ita kanta Auta sai da ta dafe bakinta, don ranar da mijinta ya kawo filas ɗin ya zaunar da ita ya ce, "'Yar Auta, na sa hannu a takarda. Ko inuwarki kada ta san abin nan yana gidan nan. In ya fita, aikina ya ƙare, kuma ba wani sutudiyo da zai sake ɗaukata." Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ita ba yarinya ba ce.

Manaja ya tashi zaune, fuskarsa ta canza kamar an kunna fitila. "Ƙanwata ta kaina. Ashe surukin namu babban mutum ne. Awa ɗaya kawai za ki ara mini, in kwafa in mayar miki. Wa zai sani?"

"A'a, Yaya."

"Kin san yawan kwastomomin da zan samu? Bizines ɗina zai tashi sama. Siriyos nake miki magana."

"Amana ce. Ko ni ban taɓa kallo ba."

Umma ta ajiye waya ta gyara zama. "Ke Auta, ni na haife ki ko shi? Ɗan'uwanki zai samu abin rufin asiri, ki tsaya kina mana wa'azin amana? Fim ne fa, ba sirrin gwamnati ba."

"Umma, korarsa za a yi."

"Daga wane aikin? Aikin da ba shi da fuska?"

Auta ta fashe da kuka. Ta durƙusa ta ba Umma haƙuri, ta roƙi yayanta ya manta ta yi maganar. Umma ta juya mata ƙeya, Manaja ya ce ba komai, ai shi da wasa yake yi. Da ya ce ba komai ɗin nan ya kamata ta ji tsoro, don tun suna yara bai taɓa barin abu ya wuce shi da sauƙi haka ba.

Da ta isa gida ta tarar da Mai Murya ya fito daga ɗakin da yake atisaye, abin sauraro rataye a wuyansa, idanunsa sun yi ja. Mutum ne siriri mai sanyin hali, in yana magana a gida ba za ka ce shi ne ke sa gari kuka ba.

"Kuka ka yi?" ta tambaye shi.

"Aiki ne ya zo da haka. Ke fa? Naki idon ma ya kumbura."

"Ƙura ce ta shiga."

Ya yi murmushi ya karɓi jakarta. "An sake tambayar lafiyar Aku ke nan. Rabu da su, 'Yar Auta. Ni dai ke kika ce kina so, kuma ke nake dawowa in tarar. Sauran duk hayaniyar bayan fage ce."

Maganar ta zo mata har leɓe, ta mayar da ita. Ta ce a ranta gobe za ta faɗa masa. Gobe ta zo, ta ce jibi.

Ranar Litinin da hantsi, bayan ya tafi sutudiyo, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Umma ce da Manaja, har da ledar lemo a hannu. Shekara biyu da auren, Umma sau ɗaya ta taɓa taka gidan, shi ma a tsaye ta yi ta tafi tana cewa matakalar benen ta yi wa gwiwarta yawa. Yau ga shi gwiwar ta warke.

"Mun zo mu ga ɗakin 'yata ne," in ji Umma tana waige-waige. "Zo ki duba mini bayan nan, tun safe yake sukata."

Auta ta shiga uwar ɗaka da ita tana shafa mata man zafi. Daga falo Manaja ya ɗaga murya ya tambayi ina banɗaki, ta kwatanta masa. Ba a yi minti biyar ba Umma ta ce bayan ya saki, kuma ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ko lemon da suka kawo ba su tsaya an buɗe ba.

Tana rufe ƙofa jikinta ya ba ta. Ta ruga ɗakin atisaye ta ja durowa. Ga biro, ga takardu, ga cajar waya, amma ɗan filas ɗin nan mai jan igiya babu shi. Ta zazzage durowar a ƙasa, ta duba ƙarƙashin tebur duk da ta san aikin banza take yi. Ta kira yayanta sau tara bai ɗauka ba. Ta kira Umma, waya a kashe. Ta nemo lambar mijinta ta zuba mata ido, yatsanta ya kasa dannawa.

Wajen azahar ta ga abin da Manaja ya ɗora a shafinsa, da manyan haruffa da hotonsa sanye da baƙin tabarau: yau ƙarfe huɗu, zango na ƙarshe na Raunin Birni, a shagon Manaja, kafin kowa a duniya. Mutumin ko buɗe filas ɗin bai yi ba ya ga abin da ke ciki, tsohuwar kwamfutarsa ta ƙi karanta shi tun da ya kawo shi, shi kuma ɗoki ya hana shi jira. Ya ce talabijin za ta karanta, ai sabuwa ce.

Auta ta zari mayafi ta fita. Cunkoson hanya ya riƙe ta, ba ta isa ba sai huɗu da 'yan mintuna. Tun daga bakin layi ta hango taro. Matasa sun cika shagon har waje, wasu sun hau benci, 'yan mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, mai gyaran takalmi na kusa ma ya bar aikinsa ya zo. Manaja na tsaye a kan kujera yana jawabi.

"Ku ne mutanen farko! Ko masu gidan talabijin ba su gani ba. Ni Manaja ina da hanya har cikin sutudiyo."

Ya soka filas ɗin a bayan talabijin, ya danna rimot, ya harɗe hannuwa yana jiran tafi.

Allon ya yi baƙi ƙirin. Aka jira. Can sai wani ɗan da'ira kamar bakin kofi ya buɗe a tsakiya, a cikinsa leɓɓan mutum suna motsi, suna magana da yaren masu fim ɗin da babu wanda ke ji a wurin. Babu kiɗa, babu fuska, babu gari, babu motar asibiti. Leɓɓan suka gama, da'irar ta rufe, duhu ya dawo. Sai wata ta buɗe a gefe, wani bakin ya motsa ya rufe. A kan duhun kuwa, cikakken sunan Mai Murya da lambar aikinsa suna ta yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Haka ake ba masu ɗora murya aiki in ana tsoron ɓarayi. Baki kawai suke buƙatar gani don su daidaita magana da motsinsa, saboda haka baki kawai ake bar musu. Duk wanda ya taɓa leƙa sutudiyo ya san wannan. Manaja mai hanya har cikin sutudiyo bai sani ba.

"Manaja, wannan tallan man goge baki ne?" wani ya tambaya daga baya.

"Ku dakata, lodin yake yi."

"Lodin me? Ga haƙora nan muna gani tar."

Dariya ta ɓarke. Wata yarinya ta ce ita dai ta gane Sha-Rauni bai mutu ba tunda bakinsa na motsi. Manaja ya dinga danna rimot yana zufa, yana tsalle daga kashi zuwa kashi, kowanne duhu da leɓɓa.

Auta ba ta yi dariya ba, don ta ga abin da su ba su lura da shi ba. Wayoyi uku sun ɗaga sama suna ɗaukar allon, kuma sunan mijinta na yawo a kai. Ta kutsa cikin mazan nan tana ture kafaɗu, ita da ko a layin kanti ba ta iya cewa a matsa mata. Ta tsaya a gaban talabijin ta baza mayafinta ta rufe allon, ta miƙa hannu baya ta fizge filas ɗin.

"Don girman Allah ku goge," ta ce wa masu wayoyin. "Sunan mijina ne. Sato shi aka yi daga gidana. In ya fita, abincinmu ya ƙare."

Biyu suka goge a gabanta. Na ukun ya ce shi ya riga ya tura wa abokinsa, amma zai ce masa ya goge.

"Sato?" Manaja ya diro daga kujera. "Ni kike kira ɓarawo a gaban kwastomomina? Ni yayanki?"

"To me sunan abin da ka yi, Yaya?"

Ba ta jira amsa ba ta fita. A bayanta tana jin ana yi masa ihu, ana tambayarsa ko zango na gaba hanci za a nuna. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

A gida ta tarar da Mai Murya tsaye a ɗakin atisaye, durowa a kife, takardu a warwatse. Bai yi faɗa ba. Ta miƙa masa filas ɗin, ta durƙusa ta faɗa masa komai, tun daga falon Umma har zuwa waya ta uku. Ba ta rage laifinta ba, ba ta kuma ƙara wa na kowa gishiri ba.

Ya daɗe yana kallon filas ɗin a tafin hannunsa.

"Yayanki bai ba ni mamaki ba," ya ce a hankali. "Umma ma haka. Amma su ba su yi mini alkawari ba. Ke kika yi."

"Zagin ne ya yi mini yawa. So nake su san kai wani ne."

"Ni na ce miki ina buƙatar su sani? Ke kin sani, ya ishe ni. Ashe ke ce bai ishe ki ba."

Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, shi kuma ya tsuguna yana tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da safe ya shirya zai je ya kai kansa wurin shugabar sutudiyo, wata dattijuwa mai tabarau da kowa ke kira Madam. Auta ta ce sai ta bi shi. A ofis ɗin ita ta yi bayani da bakinta, ta ce mijinta bai faɗa wa kowa ba, ita ce mai dogon baki. Madam ta saurara har ƙarshe tana juya biro.

"Kin kyauta da kika zo," ta ce. "Amma ni ba da ke na yi yarjejeniya ba." Ta juya ga Mai Murya. "Ka ajiye katinka a wurin mai gadi. Zan sanar da masu fim ɗin, za su bincika ko wani abu ya fita. Kafin nan kada in gan ka a nan. In ya fita, ka san sauran."

Sati uku suka biyo baya, kuma Auta ba ta taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. Mai Murya bai daina gaishe ta ba, bai daina cin abincinta ba, yakan ce sannu, yakan ce na gode. Amma ya daina ba ta labari. Da can in ya dawo har yadda mai shara ya yi atishawa a tsakiyar ɗauka sai ta ji. Yanzu in wayarsa ta yi ƙara sai ya fita baranda ya ja ƙofa. Sunan 'Yar Auta ma ya ɓace daga bakinsa. Ta gane cewa ba aikinsa kaɗai ta jefa a rijiya ba, kuma ko aikin ya dawo, ɗayan ba lallai ya dawo ba.

Umma kuwa ta kira ta a waya, ba don ta tambayi halin da suke ciki ba.

"Kin tozarta ɗan'uwanki a bainar jama'a. Yara har waƙa suke masa a layi. Ki zo ki durƙusa ki ba shi haƙuri, in kuma Akun naki ya koma zaman kashe wando, ɗakinki na nan ban ba kowa ba."

"Umma, ki yafe mini in na ɓata miki. Zan zo gaishe ki ranar Asabar kamar kullum. Amma ina ɗakin mijina."

Ta ci gaba da haƙuri. Ba ta roƙe shi ya yafe mata sau ɗari ba, ta faɗa sau ɗaya ta bar shi. In ya fita baranda da waya ba ta tambayar wa ya kira. Ta ƙara karɓar ɗinkin da take yi a gida don kada cefane ya tsaya, ba ta kuma taɓa yi masa gori ko da ido ba.

Ranar Alhamis ta sati na huɗu ya fita tun safe bai ce ina za shi ba. Da la'asar ya dawo ya same ta a kan keken ɗinki. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ta tsayar da keken.

"Madam ce ta kira ni," ya ce. "Babu abin da ya fita. Abokin nan ya goge. Masu fim ɗin sun ce tunda mu muka kai kanmu kafin a tambaye mu, in koma in ƙarasa zangon." Ya ɗan tsaya. "Akwai kuma wata. Sutudiyonmu ya sayi wani sabon shiri, ya fi wannan girma, kuma ni za a ba jagorancin masu murya gaba ɗaya. Amma ba za a sanar ba sai ranar da aka haska kashin ƙarshe, nan da sati biyar. Madam ta ce iyalina kaɗai zan iya faɗa wa, in na yarda da su. Ta maimaita in na yarda da su."

Hawaye suka cika idon Auta.

"Tun daga sutudiyo nake shawara da zuciyata," ya ce. "A bakin ƙofar nan ma sai da na tsaya. Ga shi dai na faɗa miki. Ko komawata aiki ba na so a ji."

Bai ce ta yi alkawari ba, ita ma ba ta yi ba. Ta riga ta san arhar alkawarin baki.

Ranar Asabar ta je gidan Umma ta zauna a kujerarta mai karyayyen hannu. Manaja na nan, kunyar da ya sha ba ta rage masa komai ba sai kwastomomi, bakin nan yana nan yadda yake.

"Ina korarren Aku? An ce yanzu shi ke miki wanke-wanke."

"Yana lafiya, Yaya. Yana gaishe ku."

"Na faɗa miki tun farko," in ji Umma. "Mutumin kirki a kore shi daga aikin da ko fuska ba a nunawa? Ni da ke ce da kunya ta hana ni fita."

Maganar na nan a bakin Auta, kalma goma ba ta kai ba, kuma ta san in ta sake ta falon nan zai yi tsit fiye da wancan karon. Ta ji zuciyarta na tafasa har kunnuwanta. Ta kalli yayanta da ya shiga gidanta da ledar lemo ya yi mata sata, ta kalli yadda yake washe baki yana jiran ta tanka, sai ta ga ashe wannan ne mutumin da ta sayar da sirrin mijinta don ya yaba. Abin ya ba ta kunya fiye da zagin.

"Umma, in dafa miki shayi?" ta ce.

Asabar biyar ta yi tana shan wannan. An kira shi malalaci, an kira shi cima-zaune, an ba ta shawarar ta nemi takardarta tun da sauran ƙuruciyarta. Kowane mako ta koma gida, Mai Murya ya dube ta bai tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba. A Asabar ta biyar ne ya zo ɗaukarta da kansa, ya tsaya a bakin ƙofar falo zai yi sallama, ya ji Manaja na kwaikwayon muryarsa ana dariya, ya kuma ji matarsa ta ce, "Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya," ta ci gaba da ninke wa Umma kaya.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka kai matakalar benensu ya tsaya.

"Haka suke miki duk sati?"

"Yau ma da sauƙi."

"Kuma ba ki faɗa ba."

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Ya karɓi jakarta ya rataya a kafaɗarsa. "Zo mu hau, 'Yar Auta. Ina da labarai na wata biyu da ban ba ki ba. Kin san mai sharar nan ya sake yin atishawa?"

A kan matakalar ta zauna ta yi kuka, irin wanda ba ya ciwo.

Kashin ƙarshe ya fita ranar Lahadi, aka sanar da sabon shirin, aka nuna sunan Mai Murya cike da allo. Kafin magariba Umma ta kira sau huɗu tana tambayar "ɗana", Manaja kuma ya ɗora a shafinsa cewa surukinsa ne, tare suke shawara. Auta ta amsa gaisuwar Umma da ladabi, ta ajiye wayar, ta koma kusa da mijinta. Yabon da ta taɓa zubar da amana don ta samu, ga shi ya zo har gida, ta duba ta ga ba shi da nauyin komai.

'Yan'uwa mata, ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Mai raina mijinki ba zai daina don kin buɗe masa durowar gidanki ba, hannu kawai zai zura. Ki girmama iyaye, ki yi haƙuri da 'yan'uwa, amma abin da aka ba ki ajiya ki riƙe shi ko ana dariya a kanki. Aikin Mai Murya sati uku ya yi ya dawo. Yardarsa kuwa sai da Auta ta yi Asabar biyar tana shan zagi da amsa a bakinta, ba ta furta ba.